Gwaggo Mai Ƙwari Ta Ajiye Aiki

Kafin rana ta yi zafi za ka same ta a ɗan ɗakin da ke bayan ofishin masu lambu, tabarau a kan hanci, tana bin kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga ragar bakin kwalba, ta jefa tsutsa, ba ta gusawa sai ta ga an ci. Ƙwari take kiwo, amma masu farautar 'yan'uwansu. Akwai mai dogon baki kamar allura, wanda ke soke tsutsa ya tsotse ta sai fata. Shi take saki a lambuna. Akwai kuma wani ƙuda mai gemu da ke cafke abincinsa a iska. Wannan ba ya kiwuwa, sai dai ta nuna maka shi a kan kara ta ce, "Ga ɗan fashi can. Kada ka taɓa shi, aiki yake maka."

Malamar gona ce, amma kowa Gwaggo Mai Ƙwari yake ce mata, har mijinta in yana son tsokana.

Ni a lambun mahaifina na san ta. Shekarar da tsutsa ta faɗa wa tumatir, Baba ya yi ta feshi har ƙirjinsa ya kama. Likita ya ce in ya sake goya tankin feshin nan, kada ya dawo masa. Baba ya zauna a bakin rijiya yana tari, yana kallon lambun da muke ci daga gare shi yana lalacewa.

Sai ga ta da kwalabe a kwando.

"Haba Gwaggo," in ji Baba, "ƙwari sun cinye ni, ke kuma kin kawo mini ƙari?"

"Waɗannan sojoji ne, Malam. Ba su gefe guda na lambun, ka sa ido."

Tana cikin sakinsu ɗaya ya soke ta a yatsa. Yatsan ya kumbura, hawaye ya zubo mata, ta ce, "Ka gani? Ni ma da nake ciyar da su ba su bar ni ba, balle tsutsa." Baba ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba.

Ba duk lambun ya tsira ba. Gefen da aka saki ƙwarin ne ya yi 'ya'ya, shi ya riƙe mu har kaka. Ta riƙa zuwa tana durƙusawa tare da Baba, suna juya ganye, tana koya masa bambanta ɓarawo da mai gadi. Yau Baba ya tsufa, numfashinsa lafiya lau, jikokinsa kuma ba sa murƙushe ƙwaro sai sun tambaya.

Gwaggo, ke ce kika shiga lambunan da aka yi miki dariya, kika koma washegari ba fushi. Ke ce mai yatsu duk tabo. Yanzu ido ya gaza, kin miƙa ɗakin ga matashiyar da kika horar, kina ta ja mata kunne kada ta bar ƙwarin da yunwa.

Mun gode, Gwaggo. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya saka miki da alheri. Ku kuma masu lambu, kafin ku ɗauki tankin feshi, ku durƙusa ku juya ganye yadda ta koya mana, ku ga wa ke wurin.