Takardun Yaya Sabi'u da Na Ƙona

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabi'u, malamin kimiyya a wata sakandare a Gwarzo. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya tafi da shi, a daminar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Ban yi kuka ba a lokacin, har yau kuma kukan bai zo ba.

Ya tafi karatu waje, tsuke bakin aljihun gwamnati ya dawo da shi bai gama ba. Abin da ya dawo da shi a ka wata na'ura ce da ko ƙera ta ba a yi ba, kwamfutar kwantam, mai lissafi da abubuwan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta. Ina aure a Kabo, duk ranar da na je gidanmu a Lakwaya sai ya tsare ni da bayani, don ni kaɗai ce ba na tserewa.

"Hadiza, ɗauki ƙwarya cike maƙil da nono ki ratsa kasuwa. Kowa ya goge ki sai ya zuba. Haka ƙananan abubuwan nan suke, ɗan ɗumi ko ɗan motsi ya lalata lissafin."

Na ce to a samo masu tare hanya mana. Ya ce, "Su ma masu tarewar ai kafaɗu gare su."

Abin da ya shekara shida yana lissafawa ke nan: masu gadi nawa za a zuba kafin gadin ya zama ɓarna, da irin sanyi da wutar da na'urar za ta ci. Mutumin da makarantarsa ko firji babu! Ya cika kwali guda da takardu, kowane shafi kuma da Bisimilla yake buɗe shi, yadda Baba ya koya mana a makarantarsa ta allo. Ya gaya mini yana shirin aika su ga tsohon malaminsa na waje.

Bayan sadakar bakwai, Inna ta tarar ɓeraye sun fara cin kwalin. Baba ya duba shafi biyu, ya ce, "Sunan Allah ba ya zama abincin ɓera. A ƙona, a binne tokar." Na san abin da ke ƙasan Bisimillar. Duk da haka, ni na kai takardun bayan katangar gidanmu, ni na ƙyasta ashana.

Yanzu an ƙera na'urorin. 'Yata ta nuna mini hotonsu a waya, ta ce har yau ɗumi da motsi ne ke kayar da su. Ko me Yaya zai ce? Wataƙila ya yi murmushin "ai na faɗa", wataƙila ya ce tuni suka wuce inda ya tsaya.

Ba na ganin laifin Baba, girmamawa ya yi. Da-na-sani kuwa ƙeya ce. Abin da ya rage na Yaya shi ne ɗalibansa da ke tare ni a hanya suna yi masa addu'a, sai kuma tambayar da 'yar tawa ta yi mini: "Umma, Kawu ya gano amsar kuwa?"

Na ce ban sani ba. Bayan shi, ni kaɗai na taɓa riƙe shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma layin farko kawai na karanta a kowanne kafin na miƙa wa wuta.