Haƙoran Baba da Famfon Mai

Babanmu ya tsufa yana jigilar albasa daga Gidan Katta zuwa kasuwar Illela a akori-kurarsa mai shan gas. Yana da wata al'ada. Kowace safiya sai ya murɗa makulli rabi, ya tsuguna gefen tanki, ya saurari ƙaramin famfon da ke tura mai zuwa inji. Idan kukan bai yi masa ba, ko albasar wa aka ɗora, motar ba ta motsawa. Ya ce famfon nan in ya gaji, babban famfon inji yake kashewa.

Sai kunnensa ya soma mutuwa. Yayyena biyu suka yanke shawarar a karɓe makulli, wai kurma bai dace da titi ba. Da yake ni ce 'yar lelensa, ni suka tura. Matsorata kawai! Na tafi ina jin haushinsu, ina kuma tsoron kada ya zama suna da gaskiya.

Na same shi gindin mota tare da bakaniken unguwa, wanda ya zo da agogon awon ƙarfin mai. Baba ya ɗaga masa hannu ya dakata. Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin famfon, ya ciji ƙotar da haƙoransa, ya rufe ido. Wallahi na zaci rikicin tsufa ne.

Can ya cire ya ce, "Shina shan iska. Tiyon tanki ya tsage."

Bakanike ya yi dariya, ya ɗaura agogonsa. Allura ta hau, ta faɗi, ta sake hawa tana rawa. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya fito da tiyon, ga tsaga nan siririya kamar gashi.

"Baba, da haƙori?" in ji bakanike.

Baba bai ji shi ba. Ni yake kallo, kuma na ga ya san abin da ya kawo ni.

"Ɗiyata, mi yayyenki suka aiko ki?"

Na matsa daf da kunnensa na ɗaga murya.

"Cewa suka yi a gaishe ka!"

Ya jinjina makullin a tafinsa, ya mayar aljihu.

"Ina amsawa," in ji shi.