Motar da Take Mutuwa Ranar Asabar

A farkon shekarun casa'in, ina koyarwa a wata makarantar firamare a unguwar Maamobi, na sayi mota. Wani ɗan ƙanwar babana da ke zaune a Jamus ne ya aiko da ita a jirgin ruwa don a sayar masa, aka daɗe ba a sami mai saye ba, domin duk wanda ya zo ya zagaya ta sai ya tambaya ina ragowar. Ƙarama ce ƙwarai, launin ruwan ƙwai, irin wadda ba ta da but daban, sai wata ƙofa a baya da ake ɗagawa sama kamar murfin akwati. Tun a can ta tsufa. Amma ba ta shan mai, kuma kamar don lungunan unguwarmu Nima aka ƙera ta. Inda manyan motoci ke tsayawa a bakin titi, ita sai ta sulale ta bi gefen kwata har ƙofar gidanmu.

A kanta na koyi tuƙi, na kuma koyi zama da halinta. Ƙofar bayan nan ba ta tsayawa sama da kanta. Ta taɓa sauko mini a ƙeya ina sunkuye, tun daga ranar na karɓi tsohuwar muciyar matata na ajiye a ciki don tokarewa. Gilashin gefen direba sai an taimaka masa da tafin hannu kafin ya hau. In ka danna ham, awaki su ɗago kai su dube ka su ci gaba da abin da suke yi. Duk waɗannan ban ɗauke su ciwo ba. Daga Litinin zuwa Juma'a tana kai ni makaranta ta dawo da ni, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ranar Asabar ce abin yake.

Surukata, mahaifiyar matata, wadda kowa a unguwa ke kira Mma, tana sayar da wake da shinkafa a bakin babban titin Nima. Mace ce mai jiki, Allah ya hore mata, ga natsuwa, ga ƙarancin magana. Iyayenta fataken goro ne da suka zo daga ƙasar Hausa, kuma ta riƙe surukuta irin ta da, wadda yawancin 'yan Zango, wato Hausawan unguwanninmu na nan, suka riga suka saki. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, ba ta sa ni aiki. In tana da magana da ni, ko ina durƙushe a gabanta, sai ta juya wajen 'yarta ta ce a gaya wa Malam kaza.

Da na sami mota, ni da kaina na ce ba zai yiwu Mma ta ci gaba da kokawa da buhuna a motar haya ba. Saboda haka duk Asabar sai mu tafi kasuwa wajen Old Fadama ta sayo wake da shinkafa da karan dafi, wani lokaci har da doya. Matata na zaune a gaba, Mma a kujerar baya ita kaɗai, buhuna a bayanta. Ni kuwa sabon direba ne, kuma ba abin da nake tsoro kamar in tsaya a kan tudu sannan in tashi, motoci na yi mini ham ta baya. Don haka in na ɗauki hanya ba na tsayawa ko'ina sai gida. Ko gaishe ni aka yi, hannu nake ɗagawa in wuce.

Wata Asabar muna dawowa, na sha kwana a wajen Alajo, sai motar ta yi tari ta mutu. Na fito na buɗe bonet na tsaya ina kallon abin da ban san kansa ba. Mma ta sauka ta koma inuwa. Da na rasa abin yi, sai na tsinci dutse na bubbuga kan batir kamar yadda na ga direbobin tasi na yi, na koma na murɗa makulli. Ta tashi. Na ji kaina ya ƙara girma. Na goge dutsen na ajiye shi a ƙarƙashin kujerata.

Asabar da ta biyo baya ta sake. Ta gaba ma haka. Wata rana ta mutu kusa da teburin wata mai kifin banda, wata rana a bakin lungun wata tsohuwar ƙawar Mma da ciwon ƙafa ya kwantar, wata rana wajen masu barkono. Kullum Mma kan sauka ta tafi abinta, ni kuma in ɗauko dutsena in bubbuga, motar ta tashi, mu zauna muna jiranta. In ta dawo mu isa gida lafiya ƙalau. Da yamma sai ga kwano daga wajenta, wake da shinkafa da ƙwai da ganda da taliya, har ya fi ƙarfin murfi. Na ɗauka jaje ne take yi mini.

Makanikena, wanda mu a nan muke cewa fita, yana aiki a ƙarƙashin wata darbejiya a Maamobi. Ɗan ƙabilar Ga ne, amma a Nima ya tashi, kuma Hausar Zango yake yi, wadda mace da namiji da mota duk "shi" ne. Da farko ya canza fulogi. Da abin bai daina ba ya kwance kafireta ya wanke ta da fetur yana hurawa da baki. Sannan ya tura ni Abossey Okai, kasuwar kayan mota, in sayo kwayil. Na wuni ina bin rumfuna, na dawo da wani da mai shi ya rantse mini daga Turai ya sauka, ko ƙurar ƙasar nan bai shaƙa ba. Aka ɗaura. Motar ta yi mako tana tafiya kamar ruwa, ranar Asabar ta mutu a gaban mai kifi.

Fita ya karɓi makulli ya tuƙa ta da kansa har Alajo ya dawo. Ya loda tsofaffin ƙarafa a baya a madadin buhuna ya sake zuwa. Ko tari ba ta yi ba. Ya fito yana goge hannu ya ce, "Ticha, motan nan lafiyan shi ƙalau. Ko dai kai ne?"

Maganar ta yi mini ciwo, domin ni ma na fara zargin haka. Masu ba da shawara kuwa ba a rasa su ba. Wani abokin aikina ya ce ruwa ake zuba mini a fetur, na canza gidan mai. Maƙwabcinmu ya ce Asabar rana ce mai nauyi, in mayar da zuwa kasuwa Lahadi. Wani dattijo a masallaci ya ce in yi sadaka, na sayi koko da ƙosai na raba, na ce ko ba komai an sha.

Matata ba ta taɓa gaya wa Mma cewa ina ta sayen kaya ana canzawa ba, don ta san in ta ji za ta daina shiga motar. Ita ce kuma wata rana tana tsintar shinkafa, ba tare da ta ɗago kai ba, ta tambaye ni ko na lura motar ba ta mutuwa sai Mma na ciki. Na lura mana. Amma irin tunanin nan ne da mutum ba ya barin zuciyarsa ta ƙarasa shi. Washegari na ja fita gefe na raɗa masa. Bai yi dariya ba. Cewa ya yi in kawo motar da duk abin da ke cikinta ranar Asabar, har da tsohuwar.

Na bar wa matata wannan aiki. Ta je ta zauna da mahaifiyarta ta gaya mata komai, har da wunin da na yi a Abossey Okai. Ta ce Mma ta tambaye ta ko da gaske an yi ta cire wa motar kaya masu lafiya ana zubarwa, sannan ta ce za ta je.

Ta zo cikin leshi da babban mayafi kamar mai zuwa suna. A gindin darbejiyar akwai direbobin tasi da ke jiran a duba nasu motocin, duk suka gyara zama. Fita ya tayar da motar, ya buɗe ƙofa ya ce Mma ta yi bismilla. Ta shiga ta zauna. Inji ya ci gaba da aikinsa. Muka jira. Fita ya zagaya, ya kasa kunne a bonet, ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Babu abin da ya faru. Gumi ya jiƙa mini riga. Na jawo surukata gaban jama'a da zargi, ga shi babu hujja. Har na fara tunanin wane dattijo zan aika ya ba ta haƙuri.

Sai Mma ta leƙo ta taga ta dubi 'yarta.

"A gaya wa Malam ba haka ake yi ba. Sai an karkata hagu."

Ta matsa can kusurwar kujerar, ta dafa gwiwa, ta sauke nauyinta gefe guda. Sannan ta ƙara da cewa a ɗan jira, ba ta mutuwa nan take. Injin ya ɗan ci gaba, ya yi tari, ya yi shiru.

Mma ta gyara zama ta koma tsakiya ta ce a gwada. Fita ya murɗa makulli, motar ta tashi.

Da Mma ta sauka, fita ya ciro kujerar baya gaba ɗaya. Ashe wayar da ke kai wuta ga famfon mai ta ƙarƙashinta ta bi, kuma mahaɗinta ya tsage. Ƙarfen kujerar ya lotsa ta gefen hagu, in aka danna wajen sai ya raba mahaɗin, famfo ya tsaya. Ɗan man da ya rage a kafireta shi ke kai motar gaba kaɗan kafin ta mutu. In an tashi daga kai kuwa sai wayar ta koma mazauninta. Ya ɗaure wajen tamau, ya yanko robar taya ya shimfiɗa a kai. Sannan ya tambayi Mma tun yaushe ta san wannan.

Shi da yake ba surukinta ba ne, kai tsaye ta amsa masa. Ta ce na farkon nan ba da saninta ba ne, kwana ce ta jefa ta gefe. Daga baya ne ta lura.

"Ga mai kifina a kan hanya, ga ƙawata kwance ba lafiya. Shi kuwa in ya kama sitiyari kamar an biyo shi. Ni zan ce wa mijin 'yata tsaya nan, tsaya can, kamar direban da na ɗauko haya? Na ga kuma in ya buga dutsen nan tana tashi, yana jin daɗi. Sai na ce ai ba wanda aka cuta."

Ta kuma yi masa bayanin cewa in wajen mai kifi take so, tun daga gidan mai take fara karkata, in kuma lungun ƙawarta ne, sai an wuce masu gawayi. Direbobin tasi suka kwashe da dariya, wani har da faɗowa daga benci. Fita ya cire hularsa ya ce, "Mma, kai ne masta."

Ni ba damar in yi dariya a gaban surukata, ba damar in ɓata rai. Na zagaya bayan motar na durƙusa kamar ina duba taya. Matata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba fulogi ba ne, ba kwayil ba ne, dutsen nan ne. Har na koya wa abokin aikina yadda ake buga shi, da inda ake bugawa.

Babba ba ya ba yaro haƙuri da baki. Da yamma sai ga zabuwa guda cikin miya daga wajen Mma. Ni ma na aika a gaya mata motar tata ce, duk inda take so a tsaya za a tsaya. Don kada alkawarin ya ba ni kunya, na riƙa zuwa wani tudu a Maamobi bayan la'asar ina koyon tashi daga tsaye, har masu shagunan wajen suka saba da ƙaurin kulocina. Daga nan zuwa kasuwa ya zama wuni. Ashe Mma na da tela a hanyar, da mai manja, da gidajen gaisuwa da ta daɗe tana bin bashin zuwa.

Bayan 'yan makonni muna hawan tudun Nima da kaya maƙil, motar ta yi tari ta mutu. Ban san lokacin da idona ya kai madubi ba. Mma na zaune cas a tsakiyar kujera, ta ɗaga hannayenta biyu sama.

"Wallahi wannan karon ba ni ba ce."

Mai ne ya ƙare. Garin ɗaure waccan wayar fita ya taɓa ta ma'aunin mai, allurar ta maƙale a rabi, ni kuma ina ta yabon motar wai ta ƙara rage sha. Na ɗauki galan na gangara gidan mai a ƙafa cikin rana. Da na dawo na tarar an kawo wa Mma benci daga wani shago, tana ɓare lemo tana hira da matar mai shagon, wadda ashe jikar wani maƙwabcinsu ce tun suna zaune a unguwar Sabon Zango.

Motar ta ci gaba da yi mana hidima har yaranmu suka fi ƙarfin kujerunta. Na sayar da ita ga wani mai gidan burodi a Alajo, ya sa aka yi mata shuɗin fenti. Na daɗe ina haɗuwa da ita da safe a hanyar makaranta, cike da burodi har rufi, in ta wuce ƙamshi ya biyo bayanta.