Asalin Gizagon Jatau

Jatau masassaƙi ne a Gummi, kuma turminsa kam sai dai a yaba. Shekara talatin yana sarar kirya, itacen da ke sa gatari kuka. Amma mutum ba ya rasa abin magana. Shi Jatau ba ya sayen ƙarfe sai ya binciki asalinsa, kamar mai neman aure. In maƙeri ya ce sifirin mota ne, wato faffaɗan ƙarfen nan da ke tallafe nauyinta a kan tayoyi, sai Jatau ya ce wace mota? Me take ɗauka? Ta taɓa faɗuwa? A faɗarsa, ƙarfen motar da ta saba lalacewa a hanya rago ne, ko an ba shi ruwa sau goma. Bayan tambaya kuma sai ya ɗora harshe ya lasa, ya lumshe ido, ya yanke hukunci. Wallahi manyan mutane ke tsayawa suna gyaɗa kai!

Abin alfaharinsa gizago ne da Uba maƙeri, taubashinsa, ya ƙera masa. Uba ya ce sifirin motar alhazai ne, Jatau ya lasa ya ce lalle har zaƙin dabino ya ji. Shekara tara kaifinsa bai taɓa lanƙwasa ba. Ba ya ba da aronsa, kullum kuma sai ya lashe shi kafin ya fara aiki.

Wata ranar kasuwa, cikin 2016, gardamar ƙarfe ta tashi a rumfar maƙera. Jatau ya ɗaga gizago yana cika baki, har ya ce maƙeran yanzu ba su san ƙarfe ba. Uba ya ajiye guduma.

"To tunda ka sani, tobashi, in gaya maka gaskiya. Wanga sifirin na motar yasar masai ne. Daga Gusau na sawo shi."

Rumfa ta kece da dariya. Jatau ya tofar da yawu har sau uku, ya tafi gida ya wurga gizagon bayan rumbu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don yana son gizagon nan.

Ya samo wani gizagon a Bukkuyum, mai asali, wai daga motar wani alƙali. Sara biyu a jikin kirya bakinsa ya ɓalgace. Wanda ya samo a Anka kuwa laushi ya yi kamar kwanon sha. Mako uku kututture na kwance a ƙofar gida, awaki na hawa suna sauka.

Zaliha matarsa ta gaji. "Malam, kai da ke neman asali, kakanka ba jaki yake kora ba?"

Jatau ya zagaya bayan rumbu, ya ɗauko gizagon, ya wanke shi da sabulu, ya sake wankewa da toka. Sara ɗaya kirya ta buɗe, ɓawo ya tashi sama. Sai ga hawaye a idon dattijo.

Ranar kasuwa ya saɓa shi a kafaɗa ya ratsa ta gaban maƙera. Uba ya ɗaga murya: "Tobashi, an koma ga ɗan masai ke nan?"

Jatau ya tsaya, ya shafa gemu. "Kama bakinka. Motar nan ta yi wa jama'a aikin da ko ɗanka ba ya yi maka."