Rabin Madacin Labbo

Labbo manomi ne a wani ƙauye kusa da Zurmi. Abin da ya gada daga mahaifinsa bai wuce gona ɗaya mai rairayi ba, da wani tsohon madaci a tsakiyarta. An san shi da wata ɗabi'a: idan hadarin farko ya taso daga gabas, kowa ya nufi gida, shi sai ya saɓi fartanya ya nufi gona, ya tsaya a gindin madacin, ya dafa jikinsa, ya jira.

Da farko babu abin da ke sauka. Ruwa yana dukan ganye a sama, ƙasa tana bushe, sai ka ce itacen yana kashe ƙishirwarsa kafin ya ba kowa. Can sai ruwan ya biyo rassa, ya gangaro ta jikin itacen, ya ratsa yatsun Labbo, ja wur kamar shayi. Ƙurar da garkunan shanu suka tayar tun kaka, da tokar sassabe, da kashin tsuntsayen da ke kwana a sama, duk ganyen ya riƙe su wata da watanni, sai ranar yake sakinsu. Labbo yakan ja ƙananan hanyoyin ruwa daga gindin zuwa bakin inuwa, kuma a nan geronsa yake fin na ko'ina duhun ganye. Daga geron wannan zagaye ne gidansa ke cin tuwo har ƙarshen bazara.

"Malam, mutane na gudun ruwa, kai kana zuwa gaishe shi," in ji matarsa Mariya, tana matse masa riga. "Ko surukinka ne?"

"Ya fi suruki," ya ce. "Shi bai taɓa zuwa hannu sake ba."

Wata shekara ruwa ya yi jinkiri. Dajin da ake kai dabbobi kiwo ya daina shiguwa saboda rashin tsaro, ciyawar kusa kuma ta ƙare ƙaf. Ƙanensa Sodangi yana da saniya ɗaya da ta rage masa, da maraƙinta, kuma ta kai sai an kama wutsiya an ɗaga ta. Ya zo da adda a hannu.

"Yaya, babu ɗanyen ganye a yankin ga sai na iccenka. Bari in sassare mata shi."

"In ka aske mai kai, da mi zai tare ruwa?"

"Icce na tohowa, Yaya. Saniya ba ta tohowa."

Maganar ta yi nauyi, domin gaskiya ce. Mai hankali ya san cewa hukunci tsakanin daidai da kuskure ba shi da wuya. Wuyar tana inda haƙƙi biyu suka haɗu a ƙofa ɗaya. Dabba mai rai tana da haƙƙi, zumunci ma yana da nasa, kuma hatsin iyali ba abin wasa ba ne. Wanda ya ce abu ɗaya kawai yake gani a nan, bai duba da kyau ba.

Labbo ya ce a ba shi zuwa la'asar. Ya je ya jingina da madacin, zafi ya sauko masa da gyangyaɗi. Tsakanin barci da farke ya ji kamar ana ruwa, ya ga kansa yaro, mahaifinsa ya riƙe masa hannu a jikin itacen. Ya lura da abin da tafinsa ya daɗe da sani: kullum a gefen gabas yake tsayawa, domin ta nan hadari ke bugowa, ta nan kuma ruwan ya fi gangarowa. Gefen yamma yakan jima bai jiƙa ba.

Da Sodangi ya dawo, Labbo ya miƙe ya nuna masa.

"Hau ka sare na yamma, kaɗan-kaɗan, gwargwadon cinta na yini. Na gabas kuwa, ko reshe guda ka taɓa, ni da kai ne. Kuma a nan za ka ɗaure ta, ta biya iccen da taki."

Haka aka yi. Madacin ya koma kamar wanda wanzami ya bari a tsakiyar aski, har Mariya ta ce kunyar kallonsa take ji. Saniyar ta ci, ta fara tashi da kanta.

Ranar da hadari ya zo, Labbo ya tsaya a gurbinsa na gabas. Ya jira, ya ƙara jira. Sai ruwan ya sauko, bai kai na bara ba, amma ja ne kamar yadda ya saba. A bayansa maraƙin yana tsalle cikin laka.

Da gero ya tashi, duhun ganyen bai zagaye itacen ba. Ya kwanta a gefen gabas kamar jinjirin wata. Rumbun bai cika ba a shekarar. Sauran gurbin, nonon saniyar Sodangi ne ya cike shi, ƙwarya ɗaya kowace safiya.