Su Uku, Da Ɗana Na Huɗu

Tun ina da cikin wata bakwai na fara jin tsoron ranar suna. Haihuwar kanta ba ta dame ni haka ba, don Inna, uwar mijina, ta karɓi haihuwar rabin yaran layinmu a unguwar Sabangali. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maigidana ya canza. Tela ne, shagonsa yana jikin zauren gidanmu, kuma ta tagar ɗakina ina ganin duk mai shiga. A shekarun nan jam'iyyu sun yi yawa a Injamena, kowane bango da hoton wani. Sai na fara ganin maza suna shiga shagon ba yadi a hannunsu, su daɗe, su fito ba ɗinki. In na kai masa shayi sai ya rage muryar rediyo. Na tambaye shi sunan da ya tanada in namiji ne, ya ce, "Ke dai Allah ya sauke ki lafiya."

A gidansu ɗan fari namiji sunan kakansa yake ɗauka. Haka aka yi tun daga kakan kakansu da ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, ya yada zango a bakin kogin Shari, zangon ya zama gida. Mahaifin maigidana ya rasu, kowa ya san sunansa za a mayar. Inna har ta fara ce wa cikina "angona".

Na haifi namiji. Ranar bakwai maza suka taru a ƙofar gida, aka yanka rago, aka shafa fatiha, matar wanzami ta shigo da guɗa ta faɗi sunan. Ni fuskar Inna nake kallo. Tana rarraba goro ne, sai hannunta ya tsaya cikin kwano. Ba sunan mijinta ba ne. Ba na mahaifina ba ne kuma, ba na kowa ba ne a danginmu biyu.

A ƙasar nan sunan yaro ana haɗa shi da na ubansa, haka ake rubutawa a takarda. Da aka haɗa na jaririna da na maigidana, sai ya fito daidai da sunan wasu maza uku da duk garin ya sani. Ɗaya ɗan ƙwallo ne, saurayi, yana buga gaba, yara suna rubuta sunansa da gawayi a bayan singiletinsu. Ɗaya ɗan wasan kwaikwayo ne da ake ji a rediyo da Larabci, daga baya ya koma tele, wato talabijin, yana fitowa a bokan ƙarya. Na ukun ɗan siyasa ne. Ya taɓa yin minista, suka ɓata da gwamnati, ya kafa tasa jam'iyyar. Hotonsa da farin gilashi yana manne a bangon da ke fuskantar shagonmu.

Mata suka ɗauki wasa.

"Minista aka haifa mana, ku gyara zama!"

"Ina! Dubi ƙafafun nan kamar muciya. Ɗan ƙwallo ne."

"Ni dai ku ba ni bokan, in ya girma ya duba mini inda mijina ke kai kuɗin cefane."

Aka yi ta dariya. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da turaren wuta ba ta yi ba. Mijinta yana aiki a wani biro, ofishin gwamnati, da ba wanda ya san aikin me ake yi a ciki. Ta matso kusa da ni tana gyara wa jaririn hula, ta ce a hankali, "Amarya, wanne daga ciki maigidanki ya yi wa takwara?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ki sani."

Tambayar ba ta da sauƙi a bakina. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace kuma ba ta kiran sunan mijinta. Kunya ce, da ita aka raine ni. Ga shi sunan rabi na ɗana ne, rabi na mijina, duka biyun sun fi ƙarfin harshena. Yaron "kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Maigida kuwa sai dai na kewaya na ce, "Sunan nan fa, na wa ne?" Ya ce, "Sunan Musulmi ne, mene ne laifinsa?"

Sai na koma sauraro. Wani abokinsa ya tambaye shi a zaure, na ji ya ce ai saboda ɗan ƙwallon ne, ranar da aka haifi yaron ya ci biyu. Na san ƙarya ne, ranar Talata na haihu, ba a wasa. Yayarsa ta zo daga unguwar Milezi ta tsare shi a kan sunan mahaifinsu da ya ƙi mayarwa, ya ce mata ai marigayi yana son ɗan wasan kwaikwayon, ba ya barin shirinsa ya wuce shi. Inna ta ce marigayi bai taɓa dariya ga rediyo ba har ya koma ga Allah. Ɗan siyasar kaɗai ne ban taɓa jin ya ambata wa kowa ba, kuma wannan shirun ya fi komai damuna.

Ajina uku a lakwal, makarantar boko, amma na zama mai bin labarin mutum uku kamar 'yan uwana. Ɗan ƙwallon ya tafi waje, aka ce yana samu, sai gwiwa ta lalace, ya dawo yana ɗingishi, ya shiga koya wa yara a wani fili. Ɗan wasan ya yi ƙiba, ya je hajji, ya dawo ya ce ya bar fitowa a boka, mutane suka ce dariyarsa ta ragu. Su biyun nan ina yi musu addu'a Allah ya ƙara musu suna, don in an ji sunan a tuna da su. Na ukun kuwa yau an kama shi, gobe an sake shi, jibi an ba shi muƙami, wata rana sai ga muryarsa daga rediyon waje yana cewa ba zai dawo ba sai abubuwa sun canza. Duk ranar da aka ambace shi a labaru nakan fita na shigo da yaron daga ƙofar gida, ko da wasansa yake yi. In mai turaren wuta ta ba shi alewa, sai na tambaye shi me ta tambaye shi.

Masu shiga shago ba yadi sun daina zuwa tun yaron bai yi tafiya ba. Na duba ƙarƙashin keken ɗinki, na duba cikin buhun ƙyallaye, ban taɓa samun takardar komai ba. Hakan bai kwantar mini da hankali ba, cewa na yi ya iya ɓoyo.

Yaron yana da shekara goma sha biyu yaƙi ya shigo har cikin gari. Kwana biyu muna kwance a ƙasan ɗaki. Da aka ɗan lafa maigida ya ce mu bi mutane mu haye gada zuwa Kuseri, ƙetaren iyaka, ni da Inna da yaran uku, shi zai tsaya gadin kekunan ɗinki. Mun yi kwanaki a can a tsakar gidan wasu Hausawa masu sayar da goro. Ana ta cewa ɗan siyasar nan yana tare da waɗanda suka kawo harin. Ko gaskiya ne ban sani ba, amma kowa yana faɗa.

Ranar da muka dawo, da hantsi, an sa shinge bayan gada, sojoji suna duba takardu. Mata da ƙananan yara ana barinsu su wuce, samari ake warewa gefe. Ɗana dogo ne, ya fi ni tsawo tun lokacin. Wani soja mai rawani ya ja shi gefe, na miƙa takardar haihuwarsa da nake ɗaure da ita a leda cikin zanina. Ya karanta, ya sake karantawa, ya kira wani ya nuna masa. Aka tsayar da yaron can jikin mota, fuskarsa ga bango.

Sojan ya dawo wajena, ya ce da Larabci, "Ke ce uwarsa?"

Na ce ni ce.

"Yaya sunansa?"

Na sunkuyar da kai. Ban yi niyya ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Ga Inna a gefena, uwar mijina, wadda ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Na nuna takardar da hannu na ce, "Ga shi nan a rubuce."

"Na iya karatu. Ke nake tambaya."

Inna ta matso ta faɗi sunan, ta fara yi masa bayani cewa a wajenmu uwa ba ta kira. Ya ɗaga mata hannu. "Hajja, ki yi shiru. Tun safe mata uku sun zo nan da 'ya'yan da ba nasu ba." Ya juyo gare ni. "Wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba? Ɗan wa aka ba ki ki shigo da shi?"

Sai na gane yadda shiruna ya zama a idonsa. Ƙaramar 'yata ta riƙe zanina. Inna ta kama hannuna ta matse, ta ce da Hausa, "Faɗi, 'yar nan. Ni na ce ki faɗa. Kunnena a toshe yake."

Na faɗa.

Sojan ya ce, "Ba ni za ki faɗa wa ba. Kira shi."

Na kira. Yaron bai juyo ba. Taku goma ne tsakaninmu, ya ji sarai, amma shekara goma sha biyu bai taɓa jin sunan nan da muryata ba, bai san da shi nake ba. Na ga sojan ya gyara riƙon bindigarsa. Na buɗe baki na ƙwala kira da dukan ƙarfina, sunansa da na ubansa gaba ɗaya, yadda ake faɗa a rediyo. Ya juyo. Ya dubi sojoji, ya dubi Inna, ya dubi mutanen layi, sai daga ƙarshe ya dube ni. Ya ce, "Umma?"

Ɗayan sojan, wani matashi, ya yi dariya. Ya karɓi takardar ya sa yatsa a kan shekarar haihuwa ya nuna wa mai rawanin. Sannan ya ce mini, "To wanne ne takwaransa? Su da yawa ne."

Na ce, "Ɗan ƙwallon. Ranar da na haife shi ya ci biyu."

"Kalas, shi ke nan," ya ce. "Ku tafi. Ka kula da gwiwarka, yaro."

Muka kama hanyar Sabangali. Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta rasu. Yaron ya yi kwana biyu ba ya haɗa ido da ni, ni ma haka.

Na samu maigida a shago yana share ƙura daga kan keke. Na ba shi labarin duka a tsaye, ban zauna ba. Na ce, "Yau na faɗi sunanka da nasa a gaban uwarka da sojoji. Yanzu kai ma ka faɗa mini na wa ne." Ya daɗe yana goge wuri ɗaya. Ya ce, "Lokacin nan muna yara ne, muna ganin kamar ƙasar za ta gyaru a shekara ɗaya." Na jira ya ƙara. Ya ce, "Kun ci abinci kuwa?" Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ban sani ba ko amsa ce ko wata hanyar kewayewa ce.

Yaron ya girma, yana gyaran babura a unguwar Atrone, ba ruwansa da ƙwallo balle jam'iyya. Amma takardarsa tana yawo, yana neman lasisi, yana hawa mota zuwa wasu garuruwa, kuma ba kullum nake bayansa ba. Don haka ina roƙon mai karanta wannan, in kana zaune a bayan tebur ko kana tsaye a bakin shinge, wata takarda ta zo hannunka da sunan da ka taɓa ji a rediyo, don Allah ka duba shekarar haihuwa, ka ɗaga kai ka dubi fuskar mai ita, kafin ka ce ya koma gefe.