Na Je Bukit Jalil Ganin Hannun Anti

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar muka fito daga Pantai Dalam, unguwarmu a ƙasar wajen da nake karatu, ni da 'yata mai shekara tara. In faɗa muku gaskiya, ba zumunci ne ya fitar da ni ba, kishi ne. Makarantarsu ta ce ranar Litinin kowane yaro ya zo da abincin gidansu. Har na fara shirin jiƙa shinkafar waina, sai yarinyar nan ta dubi tsabar idona ta ce ita wonton ɗin Anti za ta kai, wani abincin 'yan Sin da ake naɗe nama a fulawa a dafa. Anti kuwa mahaifiyar ƙawarta ce, 'yar Jos, tana koyarwa a wata jami'a a Bukit Jalil. Ni da 'yan Najeriyar unguwarmu suke cika min falo duk sallah saboda waina da miyar taushe, yau 'yar cikina ce take neman abincin wata. Na ce mu je in gani da idona.

Bas muka hau zuwa tashar LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, muka canza jirgi a Masjid Jamek. Cikin jirgin sanyi kamar firij, amma ni zufa nake yi, domin tun daga gida bakin yarinyar bai huta ba. Anti ta ce kaza, Anti ta iya kaza. Ko da muka tsaya a wani shagon mamak, irin gidan abincin bakin titi na garin, muka karya da gurasarsu roti canai da shayi mai kumfa, sai da aka sanar da ni cewa Anti ba ta shan sukari da yawa. Na ƙara cokali ɗaya a nawa.

A kasuwar kusa da gidan Anti muka yi cefanen da ta aiko a saya: niƙaƙƙen naman kaza, jatan lande, citta, albasa mai lawashi, da fatar wonton, wato ƙullin fulawa da aka murza siriri aka yanka murabba'i. Na juya ledar sai da na ga tambarin halal. Fatar araha ce, ba ta kai kuɗin shayinmu ba, jatan landen ne ya kusa sa ni juyawa gida.

Na shiga gidan Anti ina baza ido ko zan samu abin kushewa, ban samu ba. Matar ta rungume ni tana kirana 'yar'uwa, fara'arta ma haushi ta ba ni. Ta ce wata tsohuwar 'yar Sin maƙwabciyarta ce ta koya mata wonton ɗin, ita kuma ta mayar da shi na kaza maimakon alade saboda baƙinta Musulmi. Ta tafasa mai ta sheƙa a kan dakakken barkono da tafarnuwa da riɗi, ta zuba ruwan waken soya da ɗan abin tsami. A raina na ce ashe yaji da mai ne kawai, abin da muke ci da shinkafa da wake tun muna yara.

Wurin naɗi ne na ji kunya. Ni dai a gidanmu rowar nama abin gori ne, don haka na dinga cika kowace fata taf, ina danne bakinta da cokali mai yatsu. Da aka zuba nawa a tafasasshen ruwa, sai suka fashe ɗaya bayan ɗaya, tukunya ta koma fate.

"Mama, too much lah," in ji 'yata da Turancin garin. "Kaɗan ake sawa."

Na tsaya ina kallonta. Ta tsoma yatsa a ruwa, ta shafa gefen fatar, ta ninke, ta haɗe kunnuwan biyu tsaf. Ban taɓa sanin hannunta ya iya wani abu haka ba. Ta ture kofin ruwa ya malale a tebur, har na buɗe baki zan yi faɗa, Anti ta miƙo tsumma kawai ta ci gaba da hirarta.

Mun ci, kuma ba zan yi ƙarya ba, da daɗi, yajin na ratsa hanci. Amma wallahi bai fi wainata ba. A jirgin dawowa na kasa haƙuri, na tambayi 'yata me ya sa ta zaɓe shi.

"A gidan Anti ana bari in taɓa," ta ce, tana kallon taga. "Ke kullum sai ki ce in fita, ina ɓata miki lokaci."

Shekara uku ina fama da rubutun digiri, girki a tsaye nake yinsa, duk wanda ya shigo min kicin korarsa nake yi.

Mun iso gida bayan la'asar, ruwan sama ya jiƙa mu sharkaf. Na baje sauran fatar, na jawo mata kujera kusa da ni. Ta kama yatsuna tana gyarawa, wai haka Anti take yi, kishin ya taso min sabo, na haɗiye. Abin da tafiyar nan ta koya min ke nan: matar ba ta fi ni hannu ba, wuri ta ba yarinyar a gefenta.

Wonton za ta kai ranar Litinin, wannan kam na sha kaye. Amma muna cikin naɗi ta tambaye ni a hankali ko ana barin yara su juya waina. Na ce ta je ta ɗauko tanda.